Faifan Kawu

Danginmu rabi ne a Nima, rabi a Najeriya, kuma abin da ya raba su takardar gwamnati ce. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Kakanmu ɗan Gwanja ne ta wajen haihuwa, uban shi fataucin goro ya kawo shi daga Kano, saboda haka ya zauna. Ƙannensa biyu da aka haifa a Kano suka hau mota da iyalansu. Sun tafi da 'yar kakanmu ƙarama, wadda ɗayansu ke riƙo, wato ƙanwar Innata. Wasiƙu sun yi ta zuwa na 'yan shekaru, daga baya suka ɗauke.

Mutum ɗaya ne ya damu ya rubuta wannan labari, shi ne Kawu. A 1999 wani abokinsa da ke Jamus ya aiko masa da kwamfuta ta hannu, Pentium mai Windows 98, fara wadda yanzu ta koma kalar haƙorin mai cin goro. Ya riƙa zama da kakarmu bayan la'asar, tana faɗa yana bugawa da yatsa biyu: wa ya haifi wa, wa ya tafi, wace unguwa ya sauka. Kaka ta rasu, Kawu ma ya bi ta. Babban faifan cikin kwamfutar ya mutu a 2015, lokacin dumsor, da wuta ke zuwa tana ɗaukewa kamar ana wasa da ita. Abin da ya rage faifan fulofi 11 ne a cikin gwangwanin biskit, da rubutun Kawu a jikinsu da biro.

Bara Inna ta fara mantuwa. Sunan ƙanwarta tana da shi, amma sunan mijin da aka aura mata a Kano, yau ta ce wannan, gobe ta ce wancan. Ranar da ta ce mini, "Ɗan nan, kafin in mutu ina so in ji muryar ko da jikanta ne," na san lokacin buɗe gwangwanin ya yi.

Na sayi na'urar karanta fulofi irin wadda ake sokawa a laftof a Tiptoe Lane, wajen Circle. Ta karanta faifai 4, duk wasiƙun neman biza ne da lissafin kuɗin makarantar Islamiyya. Sauran 7 ta yi ta gurnani a kansu, sannan Windows ya tambaye ni ko ina so a share faifan a shirya shi sabo. Duk wanda ya ga wannan tambaya a kan faifan da yake ƙauna, ya danna a'a, ya zare shi.

Aka kwatanta mini wani tsoho a Maamobi, bayan asibiti, wanda ya fara da gyaran rediyo da kaset tun kafin a haife ni. Samarin Circle sun fi shi saurin hannu a waya, amma da yawansu ba su san fulofi ba sai a matsayin alamar da ake dannawa a adana rubutu. Baba ya ɗaga faifai ɗaya, ya ja murfin ƙarfen gefe, ya duba a hasken rana, ya tambaye ni ko kwamfutar da ta rubuta su tana nan. Na ce tana ƙarƙashin gado. Ya ce, "To ɗauko ta, ɗana. Wanda ya rubuta shi ya fi kowa iya karanta rubutunsa."

Bayanin da ya yi mini shi ne wannan. Cikin fulofi wani siririn leda ne zagayayye, an shafe shi da garin maganaɗisu, yana juyawa sau 300 a minti. Kowace fuska tana da da'ira 80, a matse, har 135 ke shiga inci guda. Idan kan da ke rubutu a wata na'ura ya ɗan goce daga mazauninsa, ko da kaurin gashi ne, za ta ci gaba da rubutu tana karanta abinta lafiya, amma wata na'urar ba za ta gane ba. Faifai 4 da suka buɗe, mai yiwuwa a shagon buga takardu aka rubuta su. Na gida sai na'urar gida.

Kwana uku muka yi a kanta. Ranar farko ta tafi ne a kan abubuwan da ba su da wuya. Batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon ciki ya daɗe da mutuwa, kwamfutar ta mance kwanan wata, ta mance ma tana da na'urar fulofi. Baba ya sa sabo, ya shiga BIOS ya gaya mata akwai na'ura mai inci 3.5. Ya ɗauko wani tsohon babban faifai daga tarin kayansa ya ɗaura. Da aka kunna, koriyar fitilar fulofin ta kama ta ƙi mutuwa. Bai ko duba ba ya ce kebul ne aka soka a juye, wani ya taɓa buɗe akwatin. Faffaɗan kebul ne mai waya 34, gefensa ɗaya da jan layi, kuma dole jan layin ya fuskanci fil na ɗaya. Ya yi hamdala da ba mu sa faifai a ciki ba, don a haka na'urar tana iya ɓata abin da ke kai.

Rana ta biyu ita ce ta aiki. Da ya cire rufin na'urar, ƙurar hunturu ta shekara ashirin da wani abu ta haɗu da laimar teku ta zama kamar ƙullu. Akwai wani dogon sukuru da ƙaramin inji ke juyawa, shi ke tura kan karatu gaba da baya, giris ɗin jikinsa ya daskare kamar ƙaro. Ya goge shi, ya ɗiga sabo kaɗan, ya juya da yatsa har ya saki. Kan karatun guda biyu ne, na sama da na ƙasa, ya share su da auduga da sifirit, a hankali, ba tare da ya ɗaga na saman da yawa ba. Na nuna masa wasu ƙananan sukurori biyu da ke riƙe da injin, na ce ko su ma a kwance a wanke ƙarƙashinsu. Ya ce, "Waɗannan ko Sarkin Zango ya aiko ba zan taɓa ba." Su ne ke riƙe da gocewar da muke nema. Gyara ta daidai yana nufin rasa rubutun Kawu.

Ina zaune a bencinsa ina kallon wannan lallaɓawa, sai na tuna rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, da tawada da alƙalami, har yau ana karanta su a Legon. Kamfanin Sony kuwa ya daina yin fulofi a 2011, kuma Agbogbloshie, inda da za a tsinci irin wannan na'ura a kan 'yan sidi, an rushe kasuwar a watan Yuli na 2021. Ban ce takarda ta fi ba, ambaliyar Nima ta ci takardu da yawa. Sai dai takarda ba ta neman batir.

A rana ta uku faifai 5 suka buɗe. Biyu fumfuna ta cinye su, ana ganin farin tabonta a kan ledar. Ɗaya Baba ya wanke shi ta tagar murfin yana juyawa da tsinke, ya ba mu rabin abin da ke ciki, sannan ya sake share kan karatun kafin ya sa wani, don fumfuna na manne masa ta kankare faifan da ke biye. Ɗayan ya tafi ke nan. Muka kwafe komai a babban faifai, ya ciro shi ya haɗa da laftof ɗina.

Shafi 23 ne. Kawu ba shi da haruffa masu ƙugiya a kwamfutarsa, saboda haka ƙanwa ta zama kanwa, ɗa ya zama da, sai mai karatu ya cika da hankalinsa. A shafi na 9 aka ambaci ƙanwar Inna, da sunan mijinta, da sana'arsa ta ɗinki, da unguwar Fagge. Na karanta wa Inna bayan sallar isha'i. Ta sa na maimaita sunan sau biyu, ta ce shi ne, kuma dogo ne, yana da tsaga a kumatu, abin da Kawu bai rubuta ba. Na ƙara shi a ƙasa. Washegari na tura sunan ga wani abokin karatuna da ke koyarwa a Kano, ya ce ranar Juma'a zai bi ta wajen maɗinkan Fagge ya tambayi tsofaffinsu.