Ƙotar Bindigar Kaka

Wannan makon wata gardama ta gidanmu na kawo muku, wadda ta kusa hana Baffa da ƙanena gaisawa, kuma duk a kan guntun itace.

Kakanmu tsohon soja ne, yana cikin waɗanda Ingila ta kwasa zuwa yaƙin Bama a 1944. Bindigar da ya riƙe a can Lee-Enfield ce, kuma da aka sallame su ya mayar wa masu ita. Da ya dawo Haɗeja sai ya koma farautar fadama. Wani maƙeri ya ƙera masa bindigar toka, masassaƙi ya fafe mata ƙota daga reshen maɗaci guda, babu haɗi ko ɗaya. Na taso ina ganinsa duk hunturu yana shafe ta da man gyaɗa. Inda tafinsa ke zama har ya yi baƙi yana sheƙi. Bayan rasuwarsa ba a sake ɗura mata albarushi ba, aka jingine ta a ɗakin Baffa.

A damunar 2022 ruwa ya ci yankinmu, kamar yadda ya ci garuruwa da yawa a Jigawa. Muka kwashe yara da buhunan hatsi, babu wanda ya tuna da bindiga. Ta yi kwanaki gindinta a cikin ruwa. Da muka dawo ƙotar ta kumbura kawai, muka ce ta tsira. Ashe hunturu take jira. Iska na fara kaɗawa ta bushe da gaggawa, ta tsage daga wuyanta, dab da kunama, har kusan tsakiya.

Ƙanena, wanda ke koyon kafinta, ya ce a cire ta a yi sabuwa da katakon falle-falle, wato siraran katakai da ake jerawa a manne da gam a matse. Baffa ya dube shi ya ce, "Kai yaro, bindigar ubana za ka yi wa ƙota da katakon silin?" Ni aka sa alƙali, wai don ni ne mai karance-karance.

To, abin da na samu bai yi wa Baffa daɗi ba. Yaron yana da hujja, kuma manyan rundunoni sun riga shi. Tun ƙarshen shekarun 1930 Jamus ta fara yi wa bindigarta Mauser K98k ƙotar falle-falle, saboda itacen walnot mai kyau yana da tsada, kuma sai ya daɗe yana bushewa kafin a sassaƙa shi. Tarayyar Sobiyat ma ta bi wannan hanya, har AKM da ta fito a 1959 da irin wannan ƙota ta zo. Dalilin ba boyayye ba ne ga duk wanda ƙofar ɗakinsa ke ƙin rufuwa da damina. Itace guda yana shan laima ya kumbura, ya bushe ya motse, kuma ba daidai yake yi ta kowane ɓangare ba, shi ya sa yake kantarewa. In ƙota ta kantare sai ta danni bututun bindiga, saiti ya kauce. A falle-falle kuwa, kowane falle yana riƙe da ɗan'uwansa, tsaga ma in ta fara ba ta samun hanyar zarcewa. Aibinta nauyi, don gam ɗin ma yana da nasa. A ƙasa irin tamu, inda Agusta ke jiƙa komai Janairu ya ƙeƙashe shi, sai na ce falle-falle ta fi. Na faɗi haka a gaban Baffa, ya yi kwana biyu yana amsa gaisuwata da ka.

Sai dai shi ma ƙanena bai ci gari ba. Abin da masana'antar soja ke yi da gam mai jure ruwa da injin matsi daban yake da katakon da yake saya a kasuwa. Na sa ya jefa guntunsa a bokiti. Kafin kwana uku ya buɗe kamar littafin da ruwan sama ya daka.

A nan na gane cewa tun farko tambayar da suka ba ni ba ita ce a ransu ba. Babu mai niyyar harba bindigar nan. Kantarewa da saiti damuwar mai zuwa daji ce. Baffa wurin da tafin ubansa ya ci yake karewa, bai dai iya faɗa ba, ni kuma na tafi Jamus neman amsa. (Na taɓa rubuta gajeren labari a kan maharbi, shafi shida, ban ambaci abin da hannunsa ke riƙe da shi ba sai kalmar "bindiga". Yanzu in na karanta kunya nake ji.)

Ƙarshe wajen wani tsohon masassaƙi muka kai ta, mai yin turame da ƙotocin fartanya. Ya juya ta, ya sa farce a tsagar, ya tambaya ko za a yi harbi da ita. Muka ce a'a. Ya ce to alhamdu lillahi, don da za a yi, ba zai taɓa ta ba, ƙotar da ta tsage a wuya ba a amince mata. Ya jiƙa ƙirgi ya kwana, ya yanka shi siri-siri, ya naɗe wuyan tam. Ya ce a ajiye ta a inuwa, kada a kai ta rana. Fatar na bushewa tana tsukewa, har bakin tsagar ya haɗe, sai ɗan layi kamar zare.

Ƙanena ne ya kafa ƙusoshi biyu a bango, sama da inda ruwan 2022 ya bar shaidarsa, ya rataye ta. Da Baffa ya shigo ya gani bai ce komai ba. Ya miƙa masa kwalbar man gyaɗa da tsumma, ya ce ya fara daga gindi.