Farar Tsatsa

Shekara huɗu wani malamin firamare ya yi yana zubin adashi kafin ya sayi mota 'yar Kwatano. Da damina ɗaya ta wuce, sai fentin bakin bonet ya fara bororo, in an latsa farin gari ya zubo kamar toka. Bai damu ba, domin a saninsa tsatsa ja ce.

Ja ce kam a jikin baƙin ƙarfe. Amma wannan murfi na alminiyam ne, ko mayen ƙarfe ba ya kama shi, kuma tasa tsatsar fara ce. Danshi da gishirin da ake watsa wa titunan Turai lokacin ƙanƙara su ke tayar da ita, ta riƙa rarrafe a ƙarƙashin fenti.

Dattijon mai fenti da ya kai wa ya hana yaronsa ɗaukar burushin waya, saboda ɓurɓushin ƙarfe in ya maƙale a alminiyam ya sami ruwa, ƙara cin sa yake yi. Da sabuwar samfefa ya kankare wurin fes, ya goge, nan take ya fesa fentin shimfiɗa irin na alminiyam.

"Malam, ka riƙa wanke cikin leɓen nan," in ji shi. "In za ta dawo, ta nan za ta ɓullo."