Waƙar da na ɗauka ta samarin Ingila ce

A ɗakin yayana na fara jin ta, wajen shekarar 1983, daga wani kaset da ya sha juyi har rubutun jikinsa ya goge. Turancina a lokacin bai kai na gane abin da ake faɗa ba, amma akwai wani sauti da yake bugawa sau biyu a jere, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe, wanda ya zauna mini a kunne. Yaya ya ce sunan waƙar "Tainted Love", masu ita kuma wasu samari biyu ne 'yan Ingila da ake kira Soft Cell. Na karɓi maganar kamar yadda ƙane yake karɓar maganar wansa, na riƙe ta fiye da shekara 30.

Sai wani dare ina laluben tsofaffin waƙoƙi a intanet, na ci karo da wannan suna a jikin hoton wani ƙaramin faifan garmaho, amma da sunan mace a ƙasa: Gloria Jones. Na ɗauka wata ce ta kwaikwayi samarin. Ashe su ne suka ara.

Baƙar fata ce 'yar Amurka, wadda ta koyi waƙa a coci a birnin Los Angeles. A 1964 ta rera waƙar, tana da shekara 19 ko ƙasa da haka, wani mai suna Ed Cobb ne ya rubuta ta. Da faifan ya fito a 1965, a bayansa aka sa ta, wato ko masu kamfanin ba su ɗauke ta da daraja ba. Faifan bai yi kasuwa ba, aka manta da shi. Sai a 1973 wani mai sa faifai a gidajen rawa, Richard Searling, ya tsinto kwafi a Amurka ya kai arewacin Ingila, inda matasa 'ya'yan ma'aikata suke kwana suna rawa da tsofaffin waƙoƙin soul da Amurkawa suka yar. A can, musamman a wani zaure da ake kira Wigan Casino, waƙar ta farfaɗo.

Na jera su a daren, ina jin wannan ina komawa waccan, har aka kira assalatu.

Ta Gloria ta farko gajeriya ce, da kaɗan ta wuce minti biyu, kuma da gudu take tafiya. Ganga da jita da masu busa duk suna tura ta gaba, 'yan amshi mata suna biye. Zancen waƙar na wanda soyayya ta gurɓace masa ne, yana neman hanyar tsira. A bakin Gloria, mai maganar ta riga ta ɗaure kayanta. Akwai zafi a muryar, amma babu roƙo. Irin muryar da takan fito daga tsakar gida ce ranar da mace ta ce haƙurinta ya ƙare, maƙwabta kuma suka san ba yaji ba ne, tafiya ce. Bugun nan biyu da na sani tun ina yaro yana nan, sai dai a nan hannuwan mutane ne suke sauke shi tare, ana jin nauyinsa.

Ta Soft Cell, wadda ta fito a 1981, an rage mata gudu, an sauke murya, an sallami makaɗa, na'ura ta maye gurbinsu. Kalmomin kusan su ne dai, amma Marc Almond yana rera su kamar mutumin da yake cewa zai tafi alhali yana zaune a bakin gado, takalmi ma bai sa ba. Ban yarda zai fita ba, kuma ina jin shi ma bai yarda ba. Wannan rauni shi ne ƙarfinta, kuma ba zan yi musu rowar yabo ba: ba kwafa suka yi ba, sun juya ma'anar ne. Ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, ta yi mako 43 a jerin waƙoƙi 100 na Billboard a Amurka. Abin dariya, da yake waƙar da suka haɗa ta da ita a faifan ma aro ce daga The Supremes, kuɗin marubuci bai shiga aljihunsu ba. Na Ed Cobb ya shiga. Gloria kuwa, mai rerawa ce kawai.

Akwai ta uku, wadda ta fi tsaya mini a rai. Ganin yadda ake rububin tsohon faifanta a Ingila, Gloria ta sake rera waƙar a 1976 cikin kundinta mai suna Vixen, tare da mawaƙi Marc Bolan, uban ɗanta. Muryar ta ƙara kauri, kiɗan ya ƙara kwalliya irin ta zamanin. A kunnena ba ta kai ta farko ba. Yarinyar da ta rera waccan ba ta san tana yin wani abin tarihi ba, wannan kuwa ta sani, kuma sanin ya yi mata nauyi. Ita ma ba ta yi kasuwa ba. Shekara guda bayan nan, a Satumbar 1977, motar da Gloria take tuƙawa ta yi hatsari a Landan, Bolan ya mutu, ita ta ji mummunan rauni. Shekara huɗu bayan haka duniya ta ɗauki waƙarta daga bakin wasu. Daga baya ta koma Saliyo, ta duƙufa a kan makarantar koyar da kiɗa da sunan Bolan a garin Makeni.

Mu da muka tashi da Shata mun san waƙa ba ta zama wuri ɗaya. Bakandamiya ta kaset ɗin wannan gida ba ita ce ta wancan ba, kuma kowa yakan rantse tasa ce ta ainihi. Amma a can ko yaya ta sauya, sunan mai ita bai taɓa ɓacewa ba. Abin da ya dame ni a nan shi ne na yi shekara 30 ina ƙaunar waƙar wata baiwar Allah ban taɓa jin sunanta ba.

Na so ƙwarai in kai wa Yaya wannan labari, don shi mutum ne mai son gardama, da sai mun kai dare yana kare samarinsa. Allah bai nufa ba, ya riga mu gidan gaskiya. Ɗansa na fari na kunna wa duka ukun. Ya saurara cikin ladabi, sannan ya ce, "Baba, ai wannan kiɗan na Rihanna ne." Yana nufin "SOS" ta 2006, wadda aka gina a kan sautin Soft Cell. Na buɗe baki zan gyara masa, sai na tuna shekaruna nawa kafin a gyara mini.

Idan aka tambaye ni yau, ta 1964 zan zaɓa ba tare da jinkiri ba. Sai dai jiya ina wanke mota na kama kaina ina rera ta a hankali, a kan gudun nan mai sanyi na kaset ɗin Yaya.