Riƙon Yarinyar Da Ba Ta Kuka

Masu iya magana sun ce, tsintacciyar mage ba ta mage. Da wannan karin magana aka yi ta zungurar wata mata a Tiga har shekara biyu, ita kuwa ba ta taɓa tanka wa kowa ba.

Tiga gari ne a ƙasar Bebeji, kudu da birnin Kano. Nan aka tare Kogin Kano da babbar madatsa zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama aikin a 1974, gari ya cika da masunta da masu noman rani. Mijin matar nan masunci ne, ita kuwa tana bandar kifi a cikin gida. 'Ya'yansu sun girma sa'ad da aka kawo mata 'yar ƙanenta riƙo, yarinya 'yar shekara huɗu.

Gidan nan shi ne na huɗu da yarinyar ta zauna. An haife ta a birni a 2017, lokacin da shan maganin tari mai kodin ya zama annoba, har ya shiga ɗakunan matan aure. Sai a watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. An ce uwar tana sha tun da ciki. Abin da dangi suka shaida dai shi ne, kwana biyu da haihuwa jaririyar ta kama kuka mai tsini ba dare ba rana, jikinta na rawa, ga zawo, ga ƙin nono. Aure ya mutu kafin yaye. Aka kai ta wurin kaka a Kiru, tsohuwa ta kwanta ciwo. Aka mai da ita Tudun Wada wurin wata mai 'ya'ya bakwai, inda ta kan wuni ɗaki ita kaɗai. Daga can sai Tiga.

To, yarinyar da ta zo duniya da kuka, ta iso Tiga ba ta kuka ko kaɗan. In ta faɗi ta ƙuje gwiwa, sai ta tashi ta koma lungu, ba ta neman kowa. In Gwaggonta ta ɗauke ta za ta goya, sai ta sandare kamar itace. Amma fa ran kasuwa, duk baƙon da ya yi mata murmushi sai ta kama hannunsa ta bi shi, ko waiwaye babu. Sau biyu ana tsinto ta a tasha. Kullum kuma a kan sami tuwo ɓoye ƙarƙashin tabarmarta, ya yi tsami, alhali ba wanda ya taɓa hana ta abinci a gidan.

Maƙwabta suka ce iska ce, aka yi hayaƙi. Waɗansu suka ce butulci ne, jinin uwarta ne, bulala ce maganinsa. Wata rana maigidan ya dawo daga ruwa, ya tarar ta yaga komarsa da wuƙa. Ya kira matar ya ce, "Ke, na gaji. Akwai ɗan'uwan ubanta a Doguwa, a kai masa."

Ta durƙusa ta ce, "Malam, ka yi mini lamuni zuwa kaka. In na kai ta gida na biyar, wa zai hana a kai ta na shida?"

Da ya yarda, sai ta sayar da akuyarta, ta kai yarinyar asibiti a Kano. Likitan ya saurara har ta gama, sa'an nan ya ce, "Mama, ciwo biyu ne ki ke riƙe da su." Ya bayyana mata cewa abin da mai ciki ta sha ya kan ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi. Kodin dangin ƙwayoyin da jiki ke sabawa da su ne, sabo da haka jariri ya kan fito da sabon, in ya rasa sai ya yi ta kuka da makyarkyata, kamar yadda babban mashayi ke yi. Wannan ya kan wuce cikin makonni. Amma jariri mai irin kukan nan yana da wuyar reno, shi ne kuwa ya fi kowa bukatar hannu ɗaya mai haƙuri. Ciwo na biyu, wanda ya fi daɗewa, daga rashin wannan hannu ya ke.

Ga yadda abin ya ke. Jariri ya ji yunwa ya yi kuka, aka zo; ya tsorata ya yi kuka, aka zo. Sau dubu ana haka, har ya gane akwai mutum guda wanda ya ke nasa. Wanda ya yi ta kira ba a zo ba, sai ya daina kira. Wani ya kan ƙi kowa, wani ya kan bi kowa, don duk mutane ɗaya ne a wurinsa. Wani likitan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan wannan tun 1951. Bayan faɗuwar gwamnatin Romaniya a 1989 aka ga abin a fili, domin an tarar da dubban yara a gidajen marayu ana ba su abinci ba mai ɗaukarsu. Waɗansu iyalai a Ingila suka karɓi riƙon waɗansunsu, masana suka bi rayuwarsu shekara da shekaru. Waɗanda aka fitar kafin wata shida galibi sun tashi lafiya. Waɗanda suka daɗe, da yawa sun riƙe halin bin baƙo har girma.

Kada mai karatu ya ɗauka riƙo ne aibi. Hausawa sun daɗe suna ba kaka ko gwaggo ɗa bayan yaye, ya tashi da uwa biyu maimakon ɗaya. Aibin shi ne a riƙa miƙa yaro daga hannu zuwa hannu kamar ƙwaryar aro, kowa na jiran ranar da za a zo a karɓa.

Matar ta koma gida da shawarwari kaɗan, masu sauƙin faɗi. Ta aje bulala. Ita kaɗai ke ba yarinyar abinci, ita ke yi mata wanka da kitso, ta hana a aike ta gidajen maƙwabta. Maimakon ta kwashe tuwon ɓoyon da faɗa, sai ta ba ta ƙaramin kwano mai murfi, ta zuba mata ƙuliƙuli da busasshen kifi, ta ce nata ne, ba mai taɓawa. In za ta fita unguwa sai ta ce, "Kafin la'asar ina nan," ta kuwa dawo kafin la'asar, ko da biki bai watse ba. Dangi suka ce ta lalata yarinya da shagwaɓa. Ita kanta akwai daren da ta juya wa bango fuska ta yi kuka, gama reno ne wanda ba a samun ko murmushi a bakin ladansa.

Kaka ta zo ta wuce, maigidan bai sake ta da zancen Doguwa ba, ko da ya ke bai ce ya janye ba.

Cikin shekara ta uku, ran nan yarinyar ta taka ƙugiya a tsakar gida. Akwai mata uku zaune kusa da ita suna gyaran kifi. Ta wuce su duka tana ɗingishi, ta je bakin murhu ta kama zanen Gwaggonta, sa'an nan ta ɓarke da kuka. Matar ta cire ƙugiyar, ta wanke ciwon, ta ɗora ta a baya, ƙafafun 'yar shekara bakwai na reto har gwiwarta. A makaranta dai har lokacin ba ta iya zama wuri ɗaya, karatu na yi mata nauyi, kwanon nan mai murfi kuwa yana nan kusa da matashinta.