Ziyarar Zauren Magina a Kilwinning

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin gyaran injuna a birnin Manchesta na ƙasar Ingila. A can ne na shiga wata ƙungiya ta masu babur. Kada mai karatu ya zaci 'yan acaɓa ne. Magidanta ne, akwai direba, akwai malamin makaranta, akwai mahauci, ba abin da ya haɗa mu sai son hawan babur. Ran Asabar mukan yi ayari mu bar gari, tsarinmu kamar na fataken da: madugu a gaba, wani kuma a can baya domin kada a bar kowa a hanya.

A watan Yuni na 2019 sai madugu ya ce tafiya ta gaba ƙasar Sikotilan za mu, wani gari da ake kira Kilwinning, mu ziyarci zauren taron 'yan Firimason. Ashe shi ma ɗan ƙungiyar ne, ban sani ba. Nan da nan gabana ya faɗi. Tun ina yaro, in an ambaci ƙungiyar asiri, abin da ke biyo baya shi ne shan jini da ba da 'ya'ya domin dukiya. Ga shi kuwa wannan mutum shi ne ya tsaya mini sa'ad da na karye a ƙafa, wata biyu yana kai yarana makaranta. Uwargida ta ce kada in je. Na kwana uku ina saƙawa ina kwancewa. In na ƙi, na nuna ina zarginsa ke nan. In na je, ban san abin da zan tarar ba. Daga bisani na yi mata alkawari biyu: ba zan yi wata rantsuwa ba, ba kuwa zan sa hannu a kowace takarda ba.

Muka tashi da sassafe, babur tara. Tafiyar ta fi mil 200. Da muka hau tudun Shap sai ruwa ya kece da iska mai sanyi, har yatsuna suka ƙage a kan birki, alhali kuwa wai lokacin zafinsu ne. Muka ƙetare iyaka, muka ratsa Dumfries, muka bi gefen kogin Nith, da la'asar muka iso.

Wani dattijo ya tarye mu. Kafin ya kai mu zauren sai ya zaga da mu bayansa, inda kangon wani babban gidan ibada na Kirista yake, wanda aka gina a ƙarni na 12. Ya ce daga nan labarin ya faro. Maginan da suka sassaƙa waɗannan duwatsu sukan kafa rumfa a gefen gini, a ciki suke ajiye kayan aiki, su ci abinci, su koya wa yara sana'a. Sunan wannan rumfa, watau loj, shi ne har yau 'yan ƙungiyar suke kiran zaurensu da shi. Ya nuna mini wata 'yar alama da aka zana a jikin dutse, ba ta kai tsawon yatsa ba. Ya ce sa hannun magini ke nan. Yawancinsu ba su iya rubutu ba, saboda haka kowa yana da tasa alamar, da ita ake gane aikinsa.

To, a nan ne na fara kasa kunne sosai. Magini matafiyi ne, in an gama gini a nan sai ya nemi wani a gaba. In ya isa garin da ba a san shi ba, yaya zai tabbatar ya yi shekarun koyonsa, ba ɗan dagaji ba ne? Babu takardar shaida, ko da akwai ma wa zai karanta? Dattijon ya ce dalilin da ya sa ke nan aka ƙirƙiro wata kalma da wani irin musafaha, waɗanda ba a sanar da kowa sai wanda ya ƙware. Asirin shi ne takardar shaidar mutumin da ba shi da takarda. Duk wanda ya taɓa dangwala yatsa a gaban akawu, kafin ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya san zafin wannan hali.

A 1598 da 1599 William Schaw, shugaban gine-ginen Sarki James na Shida, ya rubuta wa maginan Sikotilan dokoki, har ya ce a riƙa shigar da sunan kowane ƙwararre da alamarsa a littafi. Littafin taron Kilwinning da ya rage ya fara ne daga 1642. A hankali attajirai da masu ilmi, waɗanda ba su taɓa ɗaukar dutse ba, suka riƙa shiga, har suka rinjayi maginan. Wani abin dariya kuma: da aka kafa babbar majalisarsu ta ƙasa a 1736, aka zo jera zaurukan bisa ga tsufa, sai aka sa na Edinbara a gaba. Mutanen Kilwinning suka yi fushi suka fice a 1743. Ba su komo ba sai 1807, aka sa su a saman jerin, shi ya sa lambarsu sifiri ce. Ashe rigimar wane ne babba ba a fadar sarakunanmu kaɗai take ba.

Sa'an nan muka shiga zauren, wanda aka buɗe a 1893. Na shiga da bisimilla, ina waige-waige. Ga kujerar shugaba a gabas, ga 'yar gudumarsa, ga hotunan magabatansu jere a bango. Ko'ina ka duba sai ka ga tambarinsu, ma'aunin kusurwa irin na kafinta da abin zana da'ira mai ƙafa biyu. Aka nuna mana walkin da suke ɗaurawa, na farar fatar ɗan rago. Ya ce matakansu uku ne, ɗan koyo, da ma'aikaci, da gwani. Ba sa karɓar wanda bai yarda akwai Allah ba, kuma an hana gardamar addini da ta siyasa a cikin taro.

Na yi ta maza na ce, "Yallaɓai, mene ne ba za ka nuna mana ba?" Ya ce kalmomin da musafahar, domin ya yi rantsuwa a kansu. Ya ƙara da cewa an daɗe da buga su a littattafai, in ina so in nema, amma ba daga bakinsa ba.

Amsar ta burge ni, amma ba ta wanke mini zuciya duka ba. Yau kowa yana da takardar shaida, to, mene ne amfanin rantsuwar? Kuma in alƙali da mai ƙara sun san wani musafaha da ni ban sani ba, hankalina ba zai kwanta ba. Turawan ma sun yi wannan tunani: daga 1998 zuwa 2009 sai da aka riƙa tambayar sababbin alƙalai a Ingila ko su 'yan ƙungiyar ne. Cocin Katolika ya hana mabiyansa shiga tun 1738, malaman Musulunci da yawa su ma sun hana. Na gaya wa madugu wannan duka da dare a masauki. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce shi bai kawo ni domin in shiga ba, ya kawo ni ne domin ya lura tun ran da ya yi sanarwar na daina haɗa ido da shi. Kunya ta kama ni, na rasa ta cewa.

Ran Lahadi muka kamo hanyar gida, rana ta fito, hanya ta bushe. Ina ajiye babur uwargida ta tare ni a ƙofa, ko hular kwano ban cire ba. Ta ce, "Maigida, ka yi rantsuwar?" Na ce a'a. Ta ce, "Ka sa hannu?" Sai a lokacin na tuna da littafin baƙi da dattijon ya miƙo mana za mu fita, na rubuta sunana da garinmu ɓaro-ɓaro. Kwana biyu tana ajiye mini tuwo ba magana, sai da madugu ya zo da matarsa suka rantse mata cewa ita ma matar ta taɓa sa hannu a wannan littafi, ga ta kuwa lafiya lau da 'ya'yanta huɗu.