Ni Da Fidar Ɗan Fari

'Yar'uwa, ranar da na sayo fida, kyanta kawai na duba. Da na ga madara ba ta fita, sai na sa allura na buɗa hudar robar. Wallahi zuƙa biyu yaron ya yi ya ƙware. Ihu na sa, kunyar ɗan fari ma ban tsaya yi ba, sai da surukata ta kifa shi tana bubbuga bayansa.

Ashe kifa fidar ake yi a gani. In madara na ɗiga ɗis-ɗis, lafiya lau. In tana tsiyaya, canza robar. In ta ƙi fita, ɗan sassauta murfin, iska take nema. Ki sayi mai faɗin baki don wanki, ki riƙa tafasa ta minti 5. Mai lungu-lungu kuwa, bar wa mai kanti kayansa.