Allura ta ce lafiya lau

Corollar Baba ita ce gonarmu. Tsohuwa ce, ta shekarun 1990, tana jigila tsakanin Maradi da Madarunfa, kuma daga cikinta kuɗɗin karatuna ke fitowa. A bakans ɗin bara ta fara shan esansi kamar an huda tanki. Ga baƙin hayaƙi, buji duk sun yi kunkunniya, in ta yi zafi anka kashe ta sai an tura. Dare ya yi Baba ya zube cinikin yini bisa tabarma, da ƙyar ya rufe kuɗɗin mai.

A wani garaji anka ce mishi sai an buɗe inji, jaka 80. Ina munka gan su?

Abin da ya hana kowa zargin zafi shi ne allurar da ke gaban direba: tana tsakiya, lafiya lau. Wani abokina da ya yi lise teknik ya ce mini irin wannan inji sonda biyu gare shi. Mai waya ɗaya da allura take magana, wato da direba. Mai waya biyu kuwa kwamfutar inji take faɗa wa zafin ruwa. In ta yi ƙarya ta ce da sanyi, kwamfuta ta riƙa tura mai da yawa, kamar kullum asubar hunturu ce, ko da rana na tsaka a watan Afrilu.

Na ce: "Baba, ka bar mini ita dare ɗaya."

Ya ce: "Kai da ko tayar keke ba ka iya liƙewa?"

Amma ya miƙo makulli.

Munka bari inji ya huce har safe, don ruwan radiyater mai zafi ba ya wasa da fuska. Na cire kan baturi, na zare fulogin, na kwance sondar da dogon kile 19. Ruwan da ya biyo ja ne kamar kunun kanwa, Baba shekara da shekaru ruwan famfo zalla yake zubawa.

Gwajin ne ya fi mini daɗi. Munka ari ƙaramar tukunyar Inna, munka tsoma bakin sonda, abokina na riƙe da mita. Mai lafiya tana nuna om 2000 zuwa 3000 a zafin digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. Tamu ruwa na tafasa, ita tana can sama ta ƙi saukowa. Sabuwar da na sayo jaka 6 munka tsoma, lamba ta gangaro nan take.

Na ɗaura ta a hankali, don tagulla ce, in ka matse da ƙarfi sai ta karye a ciki. Na cika ruwa na rufe. Nan na yi wauta: ban fidda iska ba. Ko Ɗan Kasawa ba mu wuce ba allura ta hau. Baba bai ce komi ba, kallona kawai ya yi, hanjina ya kaɗa. Munka jira ta huce a gindin dogon yaro, na buɗe marfi, na tada inji, kumfa ta yi ta fita, na ƙara kusan litar guda.

Kwana uku bayan haka ya zube ciniki bisa tabarma, ya ƙirga sau biyu, ya ware jaka 2 ya tura wa Inna. Ta ce tukunyarta har yanzu warin mota take, ba ta koma dafa miya cikinta.